Hangen Dala ba shiga birni ba: makin kwamfuta da neman takardar mallakar ƙirƙira

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a sashen kemistiri. Na jiƙa ganyen sabara a metanol, na kai abin da na tato aka sa a na'urar GC-MS, ta fitar mini da sunayen sinadarai 23. Na gwada su a kwamfuta da manhajar AutoDock Vina a kan furotin DHFR na ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. Ɗaya daga ciki ya ba ni maki -9.4, alhali kulorokwin -6.8 ya samu. Abokaina sun ce in gaggauta yin rajistar mallaka kafin wani ya sace mini. Kuma nan da wata biyu zan gabatar da aikin a wani taron masana. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa karatu albarka. Tambayoyi biyu ka ɗauro a igiya ɗaya: shin abin da kwamfuta ta nuna ya isa a ce ka gano magani, sannan yaya za ka kare shi a hukumance kafin ranar taro. Na ga ta biyun ce ta hana ka barci, amma ta farkon ce ke yanke hukunci, don haka a kanta zan fi daɗewa. Ba zan ɓoye maka ba, a yau ba ka da abin da za a yi wa rajista. Zato gare ka, kuma zato ne da ya cancanci a bi sawunsa.

Sunan da na'ura ta faɗa

Mu fara da sunayen nan 23. Na'urar GC-MS ba ta ganin sinadari. Mayar da shi tururi take yi, ta farfasa shi, ta auna nauyin ɓaraguzan, sannan ta kwatanta da waɗanda ke cikin taskar bayananta, galibi taskar NIST ta Amurka, ta miƙo maka sunan da ya fi kama. Ko kamar ta nesa ce sai ta miƙo wani suna. Shi ya sa take rubuta kason kamanni a gefe, wanda ɗalibai da yawa ba sa ko kallo. Bayan haka, abin da zai iya zama tururi ba tare da ya ƙone ba shi kaɗai ke wucewa ta cikinta. Manyan sinadaran da aka san sabara da su, irin su tanin da dangin filabonoyid, ba sa wucewa sai an yi musu gyara na musamman tukuna. Mai yiwuwa ainihin abin da ke aiki a ganyen bai shiga jerinka ba ko kaɗan.

Abin da kuwa ba ya rasa shiga jeri shi ne datti. Duba sunan zakaran naka. In ka ga kalmar phthalate a jikinsa, to sinadarin da ake zuba wa roba ne don ta yi laushi, kuma metanol na tsotso shi daga jarka, daga leda, daga tiyo, har daga murfin kwalba. Alamarsa ita ce babban ɓaraguzi mai nauyi 149. In kuma ka ga siloxane, tare da ɓaraguzai masu nauyi 207 da 281, wannan daga jikin bututun na'urar da kanta ya fito. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya shafe watanni yana murnar sinadarin da ya ce ya samo daga saiwar wata bishiya. Da muka sa metanol ɗinsa shi kaɗai a na'ura, ba saiwa ba ganye, sai ga sinadarin ya fito tsaf. Ashe a jarkar roba ake kawo masa shi. Tun daga ranar ba na karɓar sakamakon da ba a haɗo da gwajin ruwan jiƙo zalla ba. Abin takaicin ma, irin wannan datti na yawan cin maki a kwamfuta, saboda dalilin da zan faɗa nan gaba.

Ba a cewa an riƙe sinadari sai an ware shi shi kaɗai, an tsarkake shi, an tabbatar da ƙirarsa da na'urar NMR, mai nuna yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsa, da awon nauyi mai zurfi. Ita ma shukar sai an kai samfurinta ma'ajiyar tsirrai, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, an tantance ta an ba ta lamba, an rubuta inda aka tsinko ta da ranar. Ganyen damina da na bazara ba ɗaya suke ba a ciki.

Me -9.4 ke nufi

Gwajin da ka yi, wanda a ɗakin bincike muke ce wa dokin (ba na hawa ba), kamar gwada makullai ne a hoton kwaɗo. Manhajar na juya sinadarin ta fuskoki da dama a cikin ramin furotin, ta ƙiyasta ƙarfin manne shi, ta ba da lamba da ma'aunin kilokalori a kowane mol. Don ta yi sauri, sai ta ɗauki furotin a matsayin abu sandararre, alhali a cikin jiki motsi yake yi ba tsayawa. Ana kuma kwashe ƙwayoyin ruwan da ke ramin, alhali sau da yawa su ne gadar da ke haɗa magani da furotin. Masu manhajar ba su ɓoye wannan ba. Da Oleg Trott da Arthur Olson na cibiyar Scripps suka fito da Vina a 2010, da bakinsu suka ce kuskurenta ya doshi kilokalori 3.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. A yanayin zafin ɗaki, bambancin kilokalori 1.4 daidai yake da ninki goma a ƙarfin mannewa. Kuskuren da ya kusa 3 kenan ya kai ninki ɗari, sama ko ƙasa. Tazarar da ke tsakanin -9.4 da -6.8 ita ce 2.6, wato duk nasarar taka tana zaune ne a cikin kuskuren ma'auni. Ƙari a kan haka, manhajar na son babban sinadari mai maiƙo, domin duk ƙwayar zarra da ta taɓa bangon rami tana ƙara maki. Babba zai kada ƙarami a takarda ko da a kwalba ba ya taɓuka komai.

Amma babbar matsalar ba nan take ba, tana wajen abokin gwajin. Kulorokwin ba ya aiki a kan DHFR sam. Ƙwayar cutar na cin hemogulobin na jan jini, wani sinadari mai ƙarfe da guba ya fito daga ciki, sai ta dunƙule shi ya zama daskararren abu mara illa. Kulorokwin wannan dunƙulewar yake hanawa, gubar ta taru ta kashe ta. Ba ruwansa da ramin furotin ɗin da ka jefa shi ciki. Ka kai ɗan kokawa fagen dambe ne, ka ce naka ya doke shi. Wanda ya kamata ka gwada da shi shi ne firimetamin, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ke cikin Fansidar, domin shi DHFR yake kamawa. A nan ma akwai tambayoyi. Wace siffar furotin ka sauko da ita daga PDB, taskar siffofin furotin, ta asali ko wadda ta sauya? Sauye-sauye a gurbi na 51 da 59 da 108 na furotin ɗin su ne suka sa firimetamin ya rage ƙarfi, kuma sun yaɗu a Afirka ta Yamma. Ka bar sinadarin NADPH, wanda furotin ɗin ke aiki tare da shi, a mazauninsa, ko ka goge shi tare da ruwa? In ka goge, ramin ya yi faɗin da ba shi da shi a zahiri, kowane ƙato zai shige ya miƙe ƙafa. Sannan ɗan Adam ma yana da nasa DHFR. Abin da ya kama na ƙwayar cuta ya kuma kama namu da ƙarfi ɗaya, guba sunansa.

Akwai gwajin da nake tilasta wa kowane ɗalibina kafin in dubi makinsa. Ya cire maganin da aka samu manne a furotin tun a hoton asali, ya sa manhaja ta mayar da shi. In ba ta mayar da shi kusa da inda yake ba, tazarar da ba ta wuce angistirom 2 ba (ma'aunin tazarar ƙwayoyin zarra), to saitin bai yi ba. Bayan nan ya cuɗa sinadaran da aka san suna aiki da tarin waɗanda aka san ba sa yi, mu ga ko za ta iya tsince su. Sau da yawa a nan jikin ɗalibi ke yin sanyi, domin sai ka ga wanda ba ya aiki ya zo na ɗaya.

Kada ka ɗauka raina kwamfuta nake yi. Ina amfani da ita kullum, kuma kyautar Nobel ta kemistiri ta 2024 ma masu hasashen ƙirar furotin da ƙera shi da kwamfuta aka ba. Sai dai ita ma tana da nata tuntuɓe. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawai suka gano cewa wata ƙaramar manhaja da masana ke amfani da ita tun 2014 wajen lissafin NMR tana ba da amsa daban-daban dangane da irin kwamfutar da aka sa ta, saboda kawai kowace na jera fayiloli ta hanyarta. Shekara biyar ba wanda ya lura. Ka tuna kuma da atemisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓi na yau, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka ware a China a 1972. Sai ya haɗu da ƙarfen jini a cikin ƙwayar cutar yake fashewa ya lalata furotin iri-iri. Da da makin dokin aka tace shi, da tuni an zubar.

Daga allo zuwa kwalba

A ce ka ware sinadarin, ya tabbata daga sabara yake. Saura a gwada shi a kan ƙwayar cutar da ake reno a jini a ɗakin gwaji, a ga adadin da ke kashe rabinta, a gwada shi a kan ƙwayoyin jikin mutum a ga tazarar da ke tsakanin magani da guba, sannan a je ga ɓeraye da gwajin kwana huɗu da aka saba.

A nan akwai tarkon da ya kamata duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya gane da wuri. Me ya sa majema ke jima da bagaruwa? Saboda tanin da ke cikinta yana kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi, ba ya zaɓe. Abin da yake yi wa fatar akuya a majema shi yake yi wa kowane enzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a jiki, ka zuba masa a kwalba. Sai ka ga ya hana wannan aiki, ya hana wancan, ka ce ka samu maganin kowace cuta. Sabara na da tanin mai yawa. Na sha ganin jiƙon da ya nuna ƙarfi, da aka tace tanin ɗin aka sake gwadawa sai ya koma kamar ruwan randa. A 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway a Ostireliya suka tattara siffofin sinadaran da ke yaudarar gwaji ta hanyoyi irin waɗannan, aka sa musu suna PAINS. Sinadarin kurkur na cikin waɗanda suka fi shahara da wannan hali. Ko waɗanda suka tsallake duk wannan suka kai ga gwaji a jikin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kaiwa kanti.

Takardar mallaka

Dokar da ke aiki a Najeriya ita ce ta mallakar ƙirƙira da zane ta 1970. Sharuɗɗa uku ta gindaya: abin ya zama sabo, ya zama akwai basirar da ta wuce abin da kowane masanin fannin zai hango, kuma ya zama masana'anta za ta iya aiki da shi. Ta kuma faɗa ƙarara cewa gano wata gaskiya ta kimiyya ba ƙirƙira ba ce.

To auna naka. Sunan sinadarinka daga taskar NIST ya fito, wato wani ya riga ya san shi, ya auna shi, ya ajiye. Ba sabo ba ne. Shan sabara don zazzaɓi kuwa kakanninmu sun san shi, kuma an riga an buga bincike a mujallun kimiyya kan tasirinta a kan ƙwayar cutar. Dokar ta ce duk abin da ya riga ya isa ga jama'a, a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani, ya fita daga sabo. Da wannan hujja aka soke takardar da aka ba Jami'ar Misisifi a Amurka a 1995 kan warkar da rauni da kurkur, bayan Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce, a 1997. Haka takardar da ofishin Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka a 1994 kan maganin fumfuna daga man darbejiya, aka soke ta a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Abin da zai iya samun kariya shi ne sabon sinadarin da ka sarrafa daga na asali, ko sabuwar hanyar tacewa, ko wani haɗi da ya ba da sakamakon da ba a zata ba, kuma duk sai da shaidar kwalba.

Ga wani abu da abokanka ba su sani ba. Mai yiwuwa in ka kai takardunka ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja a ba ka satifiket. Kada wannan ya ruɗe ka. Magatakardan cikar takardu yake dubawa, doka ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba, har ma ta ce ana bayar da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Ranar da wani ya ƙalubalance ta a Babbar Kotun Tarayya, ranar za a san ƙarfinta. Shekara 20 take yi daga ranar shigarwa, kuma kowace shekara sai an biya kuɗi, in an daina ta mutu. Iyakarta Jibiya da Illela. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda shigarwa ɗaya ke rufe ƙasashe 17, Gana da Sudan kuma suna ARIPO ta Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya. Bayan shigarwa a gida kana da wata 12 ka nemi kariya a waje da ranar farko, ko ka bi tsarin PCT na neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, da Najeriya ta shiga a 2005, wanda ke ja maka lokaci zuwa wajen wata 30, daga nan kowace ƙasa da kuɗinta da lauyanta.

Sai batun wa ke da abin. Dokar ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Kai ɗalibi ne, amma da kayan jami'a ka yi aiki, a ƙarƙashin malami, don haka ka nemi ƙa'idar jami'arku ka karanta kafin ka sa hannu a komai. Jami'o'i da dama suna da ofishin mallakar fasaha da NOTAP, hukumar bunƙasa fasaha ta tarayya, ta taimaka aka kafa, kuma hukumar na taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardu. In wani mai maganin gargajiya ne ya nuna maka hanya, a rubuta yarjejeniya da shi tun yanzu da ba kuɗi a tsakani.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga ilimin wani mai maganin gargajiya, da masoro da kanumfari da dawa da wata bishiya. Sun yi yarjejeniya da mai ilimin, sun gwada a kan marasa lafiya, sun samu takardar Amurka a 1998. Aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a 2006. Kafin ƙarshen 2008 kamfanin ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu ga masu buƙatarsa. Waɗannan sun yi duk abin da kai ba ka fara ba tukuna, kuma takardar ba ta hana masana'anta tsayawa ba. Rajistar NAFDAC kuma wata hanya ce dabam, takardar mallaka ba ta ba ka izinin sayar wa kowa ko cokali ɗaya.

Batun taro

Magana zarar bunu ce. Taƙaitaccen bayanin da ka tura, fostar da ka kafa, kundin digiri da aka ajiye a laburare, har hoton allon kwamfuta da ka ɗora a Facebook, duk fitarwa ce ga jama'a, kuma doka ba ta ce don kai ne ka faɗa ba za a ƙirga ba. Sassaucin da dokarmu ta yi na wata shida ne kawai, ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, kuma taron masana bai shiga nan ba. Amurka na ba mai ƙirƙira shekara ɗaya bayan ya bayyana, Turai ba ta bayarwa. Saboda haka ranar da ka ware wani abu da gaske sabo, ka kama bakinka, a shigar da takarda tukuna, sannan a yi taro.

Amma a yau, da abin da ke hannunka, shawarata ita ce ka je ka gabatar. Ba abin da za a sace, domin duk mai kwamfuta da intanet zai iya maimaita lissafinka kafin la'asar. Abin da za ka samu a can ya fi abin da za ka rasa: wani zai tambaye ka batun kulorokwin a gaban jama'a, gara ka gyara kafin nan, wani kuma mai na'urar NMR ko mai renon ƙwayar cutar zai iya ce maka kawo samfuri. Ka canja take kawai. Cire "gano sabon magani", ka sa "hasashen kwamfuta". Ka kuma riƙa rubuta komai a littafin aiki mai ɗinki, da kwanan wata, malaminka na sa hannu.

Ni masanin sinadarai ne, ba lauya ba. In aikin ya kai matakin tsara iƙirarin da za a rubuta a takardar mallaka, wannan sana'ar lauyan da ya ƙware a fannin ce, kalma ɗaya na iya faɗaɗa kariyar ko ta kashe ta. Kafin nan, a makon nan, sa metanol ɗinka zalla a na'ura, sake gwajin da firimetamin da NADPH a mazauninsa, ka rubuta sunan sinadarin a taskar sinadarai ta PubChem da taskar takardun mallaka ta Google Patents ka ga su wa suka riga ka. Sannan ka turo mini hoton ɓaraguzan zakaran naka, in fara duba ko 149 na nan.